Gwazar da Na Tona a Doha

Tun da na dawo ban huta ba. A Islamiyya tambaya, a gidan suna tambaya, har a layin injin niƙa sai da Talatu mai ƙosai ta tare ni wai in gaya mata ko da gaske ne a Qatar ba a ganin ƙuda. Wadda ta ji ƙarshe ta ce a koma farko, wadda ba ta nan ta zo ta ce a sake. To ga shi na zauna na rubuta, ni da na yi shekara talatin ina koyar da 'yan firamare ba zan kasa cika takarda ba. Duk wadda ta sake tambayata sai in miƙa mata. Abu ɗaya nake roƙo, in kun zo wurin gwaza ku yi dariyarku a bayan idona, don ni har yau in na tuna sai gabana ya faɗi.

Saude ce ta kai ni, 'yata ta uku da ke aure a Doha. Mijinta Habibu shugaban masu gadi ne a wani kamfani, shekararsa takwas a can. Haihuwar fari ce, a ƙa'ida ita za ta zo gida in yi mata wanka, amma wa zai ɗauko ɗanyen jego da jaririya marar fasfo ya sa a jirgi? Sai aka juya abin, uwa ta bi 'ya. Habibu ya riga ya shirya mini takardu tun cikin yana wata bakwai, saboda haka ana bugo waya aka ce ta sauka lafiya, an samu mace, na hau ɗaurin kaya.

Na ɗaure daddawa da kuka da busasshiyar kuɓewa, da kanwa da surfaffen gero da yajin jego. Sannan na sa aka tono mini rabin buhun gwaza daga fadamata ta bayan gari, domin tun Saude na da ciki duk wayar da muka yi sai ta ce ba abin da take kwaɗayi irin dafaffiyar gwaza da garin ƙuli. Ƙanena Isiyaku ya rako ni daga Saminaka. Muka bi ta Doguwa, muka ratsa dajin Falgore kowa na jan carbi, muka tsaya Tudun Wada direba ya ci abinci kamar ba mu da inda za mu. Ni da na ga rana na yi na leƙa na ce masa jirgi fa zan hau, ya ce, "Hajiya, ai jirgin ma direba gare shi, shi ma sai ya ci."

A filin jirgin Kano aka ɗora kayana a sikeli, yarinyar da ke wurin ta girgiza kai ta ce sun yi nauyi sosai. Na durƙusa a gaban jama'a na kwance jaka, warin daddawa ya tashi, wani mai kwat ya ja baya yana toshe hanci kamar ba da ita aka rene shi ba. Da yarinyar ta ga gwaza da ƙasa a jikinta sai ta ce ko ba nauyi ma da wuya a bar ni in shiga da ita can. Haka na rabu da buhuna. Isiyaku ya saɓa shi a kafaɗa yana ba ni haƙuri, amma ina ganin haƙoransa a waje.

A jirgi Allah ya haɗa ni da wata Hajiya 'yar Kano mai saro kaya, wadda ta san komai kamar a jirgin aka yanke mata cibiya. Ita ta ɗaure mini bel, ita ta zaɓar mini abinci, ita ta hana ni shiga banɗaki da buta. Ta yi mini surutu tun daga Kano har muka sauka, amma ban ga laifinta ba, don da ba ita da sai in wuni da ƙishirwa ina tsoron taɓa maɓalli.

Wurin duba fasfo ne na fara ganin ta kaina. Kafin in taso na sha lalle har wuyan hannu, wai zan je suna. Jami'in, wani saurayi cikin farar jallabiya, ya ce in ɗora yatsu a kan wani gilashi. Na ɗora, na'ura ta ƙi. Ya ba ni takarda na goge, ta ƙi. Ya ce ɗaya hannun, ta ƙi. Tsakanin lalle da kantar fartanya ashe zanen yatsuna ya ɓace. Layi ya taru a bayana, ni kuwa har na fara tsara abin da zan gaya wa mutanen Saminaka in aka juyo da ni. Daga ƙarshe ya nuna mini wata kyamara ya ce in buɗe ido, na zazzaro su iyakar ƙarfina, ya yi dariya ya buga hatimi ya ce, "Yalla, Mama."

Ina fitowa Habibu ya hango ni, ya zube a tsakiyar fili ya durƙusa yana gaishe ni, Turawa da Indiyawa suna kewaye shi da kurar kaya suna kallo. Na ji daɗi, na ce yaron nan zaman waje bai ɓata shi ba.

Unguwarsu Madinat Khalifa ake kiranta. Gidaje ne manya da dogayen katangu, titi fes, amma ba kowa. Ba yara, ba akuya, ba mai talla, ba wanda ya shimfiɗa tabarma a ƙofar gida. Na yi kwana uku ban ji carar zakara ba. Su Saude suna zaune a wani ɗan sashe mai ɗaki biyu a bayan gidan wata tsohuwa 'yar ƙasar, Ummu Jasim, wadda mijinta ya rasu. Tun a mota Habibu ya gaya mini darajar wurin. Ya ce da a Muntazah suke, a ɗakin da aka raba da katako, in maƙwabci ya yi atishawa kai za ka ce masa yarhamukallah. Shekara guda ya yi yana nema kafin ya dace da wannan, kuma tsohuwar ta yarda ne don tana son mai iyali wanda ba shi da hayaniya. Ya ce irin wannan in ya suɓuce ba a sake samu.

Na tarar da Saude lafiya, jaririya kuma jawur da ita, da hancin gidanmu. Washegari muka fara wanka. Ba murhu ba itace ba tukunyar jego, sai wani tulun ƙarfe a bango da ake kunnawa ruwa ya fito da zafi. Na ce a samo ganyen darbejiya, na ga itatuwanta a bakin titi, Habibu ya ce a'a Inna, nan ba a taɓa itacen hukuma, tara ake ci. Sai wani abokinsa ya riƙa kawo mana daga gidan da yake gadi. Abin da ya fi wanka wuya shi ne zama da suruki a ɗaki biyu da banɗaki ɗaya. In zan fito sai in yi gyaran murya, in zai shigo sai ya yi sallama sau uku, abincinsa kuwa a cikin mota yake ci. Saude ta ce mu biyun mun fi jaririyar ba ta wahala.

Ranar suna ban ga rago da idona ba. An yanka shi a mayanka, ya zo gida a cikin ledoji. Abokan Habibu suka zo bayan sun tashi aiki, masu gadi da direbobi, wasu da kakinsu. Akwai wani ɗan Ghana da ya yi ta zuba mini Hausa, ina gane rabi ina gyaɗa kai a rabi. Aka sa wa yarinya Aisha. Daga cikin gida Ummu Jasim ta aiko da faranti wanda sai mutum biyu ke ɗauka, shinkafa da nama da busasshen lemun tsami a ciki. Daɗi kam akwai, sai dai ba yaji, sai da na barbaɗa na jego.

Kwana biyu bayan nan na ce wa Saude ba a cin abincin mutum a yi shiru, na shiga yi wa tsohuwar godiya. Mace ce 'yar ƙarama, za ta girme ni da kamar shekara goma sha biyar, tana tafiya da sanda. Ba ta jin Hausa, ni kuwa Larabcina na salla ne. Muka zauna muna yi wa juna murmushi. Mai aikinta Maya, wata dattijuwa 'yar Nepal da ta shekara goma sha ɗaya a gidan, ta kawo dabino da gahawa a wani ɗan kofi. Na shanye na miƙa, ta sake zubawa. Na shanye na miƙa, ta ƙara. Ni a ganina ƙin karɓa rashin kunya ne, ita kuma tana jiran in girgiza kofin, don a wurinsu haka ake cewa ya isa. Sai da na sha bakwai tsohuwar ta kama hannuna ta girgiza mini shi da kanta tana dariya har da hawaye.

Da za ta rako ni ne muka bi ta lambunta, a nan na gan ta. A cikin wani kwami na siminti kusa da taga, gwaza ce tsaye, gwaza sak irin ta fadamata. Raina ya yi fari kamar na ga 'yar garinmu. Amma ganyenta duk ya yi rawaya ya langaɓe, wasu sun bushe sun kwanta. Na nuna wa tsohuwar, na nuna ganyen, na buɗe hannu alamar tambaya. Ta dube ta, ta yi ajiyar zuciya, ta ce, "Khalas."

To ga inda aka samu matsala. Kalmar nan ita ce ta farko da na koya a ƙasar. In Saude ta gama girki ta ce khalas, in Habibu ya gama waya ya ce khalas, na tambaya aka ce mini ma'anarta an gama, ya yi. A wurinmu kuwa duk wanda ya taɓa riƙe fartanya ya san in ganyen gwaza ya yi rawaya ya kwanta to ta nuna, in aka bar ta ruɓewa za ta yi. Sai na haɗa biyu da biyu: tsohuwa ta ce gwazarta ta yi, ta yi ajiyar zuciya don ba ta da ƙarfin tonawa, ɗanta Jasim kuma na ji an ce ɗan boko ne ba zai taɓa ƙasa ba. A Saminaka in gwauruwa ta tsufa amfaninta ya nuna, ba a jira ta roƙa, maƙwabta ke tone mata su tara a ƙofar ɗakinta, mai tono ya ɗebi na dafawa. Ban taɓa kawowa a raina cewa akwai mai shuka gwaza don ya riƙa kallon ganye ba. Kuma ba zan ɓoye muku ba, kwaɗayin Saude ma yana cikin lissafina.

Washegari da hantsi, bayan na gama wa mai jego wanka ta kwanta, Habibu ya tafi aiki, na ɗauki wani ɗan shebur da na gani a jingine na hau aiki. Ƙasar ta yi tauri, ga wani farin gishiri a samanta. Da na kai ƙasa sai na ga abin mamaki: uwar gwazar ta ruɓe rabi tana wari, 'ya'yan kuma sun cushe sun hau kan juna ba wurin motsi, alamar an yi shekaru ba a taɓa ta ba. Na ce kai, wannan tsohuwa an bar ta da asara. Na tone tas, na yanke karan, na kakkaɓe, na tara su gwanin sha'awa a bakin ƙofar kicin ɗinta. Na ɗebi huɗu ƙanana na je na ɗora a wuta. Ina ta jin daɗin kaina.

Tukunya na tafasa na ji ƙarar Maya. Na fito da murmushina ina jiran godiya, sai na ga Ummu Jasim tsaye a gaban kwamin, sandarta a ƙasa, ta dafa bango. Ba ta yi faɗa ba. Kallon ramin ta yi, ta kalli tarin, ta kalle ni, sannan ta rufe fuska da mayafi ta shige ciki. Ban san me na yi ba, amma na san na yi.

Kafin azahar ɗanta Jasim ya iso, aka kira Habibu daga wurin aiki. Ina daga ɗaki ina jin muryar Jasim tana tashi, ta Habibu tana sauka. Da Habibu ya shigo ya durƙusa kamar yadda ya saba, kansa a ƙasa, ya yi mini bayani. Marigayi mijin tsohuwar ne ya shuka ta da hannunsa, ya taho da ita daga Indiya lokacin da ya je jinyar ƙarshe. Shekara huɗu ke nan da rasuwarsa, kullum da safe ita ke ba ta ruwa da kanta, ba ta yarda ko Maya ta taɓa. Bana ta ga tana ƙanƙancewa tana mutuwa, shi ne ta ce mini khalas, wato ta ƙare, gwazar ma za ta bi mai ita. Sannan ya ce Jasim ya ba su notis, su tashi kafin ƙarshen wata mai kamawa.

Na so ƙasa ta tsage in shige. Na zo gyara jego na rushe wa 'yata gida, garin neman gira na rasa ido. Habibu bai ce mini komai ba sai, "Ba komai Inna, ƙaddara ce," kuma da ya zage ni da ya fi mini sauƙi. Saude ce ta dube ni da jaririya a kafaɗa ta ce, "Inna, wa ya aike ki?" Daga ranar magana tsakanina da ita ta koma gaisuwa da miƙo-karɓi.

Ana wata ga wata. Duk wanda ya san gwaza ya san ruwan karanta ƙaiƙayi gare shi, a gida sai mun shafa manja kafin mu taɓa, in ya kama mu mu gasa hannu a bakin murhu. Ni ɗoki ya sa na manta. Kafin la'asar hannuwana sun yi ja har gwiwa, ina susa kamar mai ƙazwa. Ina zaune a bayan ɗaki ina susa ina hawaye sai ga Maya. Ta kama hannuna ta duba, ta ja ni ƙofar kicin inda ta jera wasu gwangwanaye da ta shuka fure a ciki, ja da ruwan hoda da fari, karansa laushi cike da ruwa. Ta karya kara biyu, ta murje da ganyen a tafin hannunta, ta shafe mini. Wani sanyi ya ratsa ni. Ko magani ne ko sanyin ruwan ne kawai, Allah masani, amma susar ta lafa. Da baki da hannu ta fahimtar da ni cewa a garinsu tiuri suke kiransa, har ƙunshi suke yi da shi kamar lalle. Na kai hannu zan taɓa wani ɗan kwanso da ke jikinsa, sai ya fashe fat ya watsa mini iri a fuska, na zabura na yi salati. Sai kuma na yi dariya, ta farko tun da abin ya faru. Na raɗa masa suna taɓa-ni-in-fashe, kuma irin da ta ƙulle mini a leda yanzu haka ya tsiro a gindin randata, inuwa da laima yake so, duk mai son gani ta zo.

Maya ce kuma ta ci gwazar da na dafa, don a ɗakinmu ba wanda ya iya kallon tukunyar. Ta ci a ɓoye da barkono, ta nuna mini da hannu cewa a ƙasarsu har ganyen suna miya da shi, shekara da shekaru tana wucewa ta gabanta tana haɗiyar yawu. Sannan ta kai ni bayan tankin ruwa ta ɗaga wani buhu. Jasim ya ce a zubar da tarin a shara, ita kuwa ta ɓoye. Na tsuguna na dudduba. Guda tara suna da ido, ɗan tsiron nan mai ruwan hoda da ke saman kowace. Na ce a raina, in dai gwaza ce, ni da ita ba baƙin juna ba ne.

Habibu ya ce kada in sake shiga gidan, Jasim ya hana. Na ce to. Da ya fita da safe na yafa mayafi na shiga, don wanda ya ɗebo da zafi bakinsa. Na tarar da ita a kan darduma. Na durƙusa, ni mai jika, na ajiye gwaza ɗaya a gabanta na nuna mata idon da yatsa. Na nuna ƙasa, na nuna sama, na ɗaga hannu a hankali yadda tsiro ke tashi. Na ce in sha Allahu, wannan kam ta ji. Na nuna kaina na ce mijina, na kwantar da kai a tafin hannu, na ɗaga yatsu shida, wato ni ma nawa ya shekara shida da rasuwa. Ta daɗe tana kallona. Da zan fita na hango kaskon turarenta, na nuna tokar da ke ciki na nuna gwazar, ta kawar da kai. Na koma ɗaki. Ba a jima ba sai ga Maya da kaskon a hannu, cike da toka mai ƙanshin turaren wuta.

Da wannan tokar na shafe duk inda wuƙa ta taɓa don kada ruɓa ta shiga, na bar su suka sha iska kwana ɗaya. Na kwashe ƙasar sama mai gishiri na zubar, na fasa ta ƙasa, na gauraya da takin tumaki da ɗan Ghanan nan ya samo mana a inda yake kai maigidansa. Kwamin ba zai ɗauki tara ba, na sa biyar a ciki da tazara, ido na kallon sama, huɗu kuma a bokitan fenti da muka huda. A lokacin ƙarshen sanyinsu ne, gwaza kuwa ba ta son sanyi, saboda haka na lulluɓe ƙasar da buhu, in rana ta fito in buɗe, in ta faɗi in rufe. Na roƙi Maya da alamar hannu ta gaya wa tsohuwar a rage ruwa, laima take so ba tafki ba.

Sai jira. A gida da damina kwana goma zuwa sha biyu ka ga tsiro. Kwana goma suka wuce ba komai. Sha biyar ba komai. Na tona ɗaya daga na bokiti in gani, na tarar ta ruɓe, na mayar da ƙasar ban gaya wa kowa ba. Habibu kullum in ya tashi aiki sai ya wuce Al-Sadd da Muntazah neman ɗaki, ya dawo da labarin wani mai hawa huɗu ba lif, ko wani da ba a karɓar mai jariri. Ya fara shigo da kwalaye daga kanti. Saude ta riƙa naɗe kwanukanta da tukwanenta a tsofaffin zannuwa tana jerawa a ciki, mai jego da ko arba'in ba ta yi ba. In na ce ta kawo in taya ta sai ta ce in bar shi. Abinci ya daina shiga mini. Tsohuwar kuwa ban sake ganinta ba, sai dai wani lokaci in ina buɗe buhu in ga labulen tagarta ya motsa.

Ranar kwana na ashirin da uku, saura kwana huɗu in tashi, na idar da sallar walaha ke nan aka ƙwanƙwasa ƙofa. Saude ta buɗe. Ummu Jasim ce da kanta, ita da tunda suka tare ba ta taɓa tako sashen ba. Ba ta yi sallama ba ma, ta wuce Saude ta kama wuyan hannuna ta ja. Ƙarfin da ke hannun tsohuwar nan ya ba ni mamaki. Muka isa kwamin, ashe ta riga ni ɗaga buhun. Ga su nan, tsiro uku, kore shar, a naɗe kamar tsinken tsire, na huɗu ya fara tsaga ƙasa. Na zauna daɓas a kan siminti ina ta alhamdulillahi, ban san adadin da na faɗa ba.

Ta sunkuya da ƙyar ta shafa ɗaya da bayan yatsa, ta yi magana a hankali. Saude da ta biyo mu da Aisha a hannu ta fassara mini. Wai ta ce guda ɗaya ya bar mata, shekara huɗu tana tsoron taɓa ta, ga shi yanzu sun zama huɗu. Sannan ta sa Maya ta kawo waya, ta kira Jasim a nan tsaye. Ban ji abin da yake cewa ba, na dai ji ya yi ta magana, ita kuma ta bar shi ya gama, ta faɗi 'yan kalmomi ta kashe. Na dubi Saude. Ta ce, "Cewa ta yi, gidan nawa ne ko naka?"

Tsohuwar ta miƙa hannu aka ba ta Aisha, ta zauna a bakin kwamin tana yi mata wasa, ta manta da mu. Na daɗe a wurin kafin in miƙe. Da na shiga ɗaki na tarar Saude ta riga ni, ta yanke igiyar kwalin farko, tana ciro tukwanenta ɗaya bayan ɗaya tana mayar da su inda suke da. Na tsaya a bakin ƙofa ban san ko in shiga ba. Ba ta juyo ba ta ce, "Inna, miƙo mini murfin babbar." Na sunkuya na ɗauko na miƙa mata, ta karɓa ta haɗa da hannuna ta riƙe.